Awon sandunan golf a babban shago: abin da ɗan wasan Kaduna zai tarar

Yawancin masu wasa a filin golf na Kaduna da sandunan gado suka fara, ko na wani babba da ya sauya jaka, ko saitin da aka sayo na hannu. Ba laifi ba ne. Sai dai sandar da aka ƙera wa dogon mutum mai saurin lilo (wato kaɗa sanda yayin bugu) ba za ta zauna wa gajere mai lilo a hankali ba, kuma a hankali jiki yake koyon karkacewa don ya bi sandar. Awon sanda shi ne a tsayar da kai gaban na'ura kana buga ƙwallo, ana sauya kan sanda da ƙota (dogon jikin sandar) da mariƙi har a gano haɗin da ya dace da jikinka da bugunka. Kamar zuwa wurin tela ne maimakon sayen ɗinkakkiyar riga, sai dai wannan telan shi ne mai sayar da yadin, don haka sai ka shiga da idonka a buɗe.

Manyan shagunan da suka yi suna da wannan aiki a ƙasashen waje suke: American Golf a Ingila, Golf Galaxy da PGA TOUR Superstore a Amurka, The Pro Shop a Afirka ta Kudu. Mutumin Kaduna galibi a kan tafiya yake shiga irinsu, ya je aiki, ko ganin likita, ko bikin yaye ɗansa daga jami'a. Ke nan za a auna shi a cikin ɗaki mai sanyi, a kan tabarmar roba, a wata ƙasa, amma sandunan a ƙasar Kaduna za su yi aiki, wadda ke ƙeƙashewa da rani ta yi laushi da damina. Yawancin shawarwarin da ke ƙasa daga wannan bambancin suka taso.

Tun kafin ka bar gida

Ka kama lokaci ta shafin shagon na intanet, kuma ka sa shi a farkon tafiyar. Dalili shi ne sandunan da aka auna maka sau da yawa ba sa kan kanta. Shagon zai aika da oda kamfanin da ke ƙerawa, abin kuma yakan ɗauki makonni. Wanda ya je awo ana gobe zai hau jirgi, ƙarshenta sai ya ɗauki abin da ke rataye, awon ya tashi a banza. Amma kada ka sa shi washegarin sauka: jikin da ya kwana a kujerar jirgi ba zai nuna lilonsa na gaskiya ba. Ka tambayi kuɗin awon, ka kuma tambaya ko za a cire shi daga kuɗin sandunan idan ka saya, domin shaguna da yawa haka suke yi.

Awon sandar direba kaɗai, wato babbar sandar bugun nesa, yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya, na ƙarafa, wato sanduna masu kan ƙarfe da lamba a jiki, ma haka. Na jaka gaba ɗaya awa biyu ne zuwa uku, kuma za ka buga ƙwallo fiye da ɗari. Idan ba ka saba da irin wannan yawan bugu ba, raba shi kwana biyu. Sandar da aka zaɓa wa gajiyayyen hannu takan zama mai sauƙi da laushi fiye da yadda kake buƙata.

Ka tafi da sandunanka na yanzu. Idan nauyin kaya bai ba ka damar ɗaukar jaka duka ba, uku sun isa: direba, ƙarfe mai lamba 7, da wej (gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama a bugun kusa) ɗin da ka fi amfani da shi. In babu su, babu abin da za a gwada sababbin da shi, sai ka yarda da duk abin da aka gaya maka. Ka haɗa da safar hannunka, da takalmin da kake wasa da shi, da ƙwallaye uku irin waɗanda ka saba bugawa.

Sannan ka rubuta a takarda nisan da kowace sanda ke kai maka a filin gida, da inda ƙwallonka ya fi ɓacewa. Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne yaron da ke ɗaukar maka jaka, don shi ke shiga ciyawa nema. Sai ka matsa masa kafin ya faɗa, in ba haka ba “ranka ya daɗe, iska ce” kawai za ka ji. Ka ƙara da duk ciwon da kake fama da shi a baya ko gwiwar hannu, da iyakar kuɗin da za ka kashe. Wanda ke tsakiyar sauya lilonsa a hannun koci gara ya jira lilon ya zauna. Sabon shiga kuwa ba ya buƙatar dogon awo. Tsawon sanda, kaurin mariƙi da laushin ƙota sun ishe shi.

A cikin ɗakin awo

Za ka tarar da tabarma, da allon yadi ko raga a gabanka, da na'urar awo. Iri biyu aka fi gani. TrackMan da rada take aiki, a bayan mai bugu ake ajiye ta. GCQuad ta kamfanin Foresight kyamarori huɗu gare ta, a gefen ƙwallo take zama. A cikin ɗaki ƙwallon 'yan mitoci kawai yake tafiya ya bugi allo. Sauran tafiyar da kake gani a talabijin lissafin kwamfuta ne. Lissafi kuwa ya dogara da abin da aka saita masa, don haka kafin bugun farko ka tambayi tsayin ƙasa da zafin da aka saita. Kaduna tana kimanin mita 600 sama da teku, Landan kusan a bakin teku take, Johannesburg kuwa ta kai kimanin mita 1,750, inda iska ba ta da kauri kuma ƙwallo ya fi nisa. Lambar da ka gani a can ba ita za ka samu a gida ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saiti ɗaya da ƙwallo iri ɗaya a yi amfani da su daga farko har ƙarshe, ga tsohuwar sandarka da sababbin.

Mai awo zai fara da tambayoyi, nan takardarka za ta yi amfani. Daga nan ya auna tsayinka, da tazarar da ke tsakanin wuyan hannunka da ƙasa kana tsaye hannuwa a sake, da girman tafinka. Wannan awon tsaye mafari ne kawai. Idan aka tsaya a kansa aka miƙo maka sanda, ba a yi maka awo ba tukuna.

Ka ɗumama jiki da ƙwallo 10 zuwa 15, ka faro daga gajeriyar sanda. Sai ka buga shida zuwa goma da sandarka ta gida, wannan shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Ka yi lilon da kake yi a rami na biyar ranar Asabar, kada ka yi na burge mai kallo. Mai awo yakan goge bugun da ya lalace ƙwarai daga lissafi, kuma daidai ne, amma ka lura: idan ana goge munanan bugun sabuwar sanda ana barin na tsohuwarka, kwatancen ya karkace.

Lambobin da ke kan allo sun fi ashirin, kaɗan ne suka shafe ka. Akwai gudun kan sanda da gudun ƙwallo, da mil a awa ake nuna su. Idan aka raba na ƙwallo da na sanda, sakamakon yana nuna yadda kake samun tsakiyar fuskar sanda: a direba 1.50 kusan shi ne ƙoli, daga 1.45 zuwa sama bugu ne mai kyau. A ƙarfe mai lamba 7 kusan 1.33 ake sa ran gani. Ɗauki mai gudun sanda mil 90. Idan sakamakonsa 1.40 ne, ƙwallonsa na fita da mil 126, idan 1.48 ne, mil 133. Wannan bambancin na mil 7 ya kai yadi 12 zuwa 14, ba tare da ya ƙara ƙarfi ko kaɗan ba. Sai kusurwar tashi da juyawar ƙwallo: ga matsakaicin ɗan wasa da direba, tashin digiri 12 zuwa 15 da juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti shi ne yankin da ake nema. Juyi ya yi yawa, ƙwallon ya hau sama ya faɗo kusa. Ya yi kaɗan, ya faɗo da wuri kamar an harbo shi.

Nisa iri biyu ake nunawa: inda ƙwallon ya fara sauka, da inda ya tsaya bayan gangara. Na farkon za ka riƙe. Gangara a Kaduna ta yanayi ce. A watan Fabrairu ƙwallo na iya gudu a ƙasa har ka yi mamaki, a watan Agusta kuma ya nutse inda ya faɗi. Na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran, shi ne warwatsuwa: da'irar da kwamfuta ke zanawa kewaye da wuraren da ƙwallayenka suka sauka. Sandar da da'irarta ta fi ƙanƙanta ita ce taka, ko da wata ta ba ka bugu ɗaya da ya zarce kowa.

Ƙarafa da tarkon lamba 7

Kusan duk shagon da ka shiga da ƙarfe mai lamba 7 ake awon ƙarafa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. A tsofaffin saiti fuskar lamba 7 tana kwance da digiri 34 zuwa 35. A sababbin da ake ƙera wa masu neman sauƙi akwai mai 30, har da mai 28 ko 27. Sandar da aka miƙar wa fuska haka dole ta fi nisa, domin a gaskiya lamba 5 ko 6 ce ta da aka sauya wa suna. Idan allo ya nuna ka ƙaru da yadi 15, ka tambayi digirin fuskar kafin ka yi murna.

Abin dubawa a ƙarafa shi ne kusurwar saukowa. Ƙwallon da ke faɗowa da kusan digiri 45 yana tsayawa a kan girin, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami. Wanda ke faɗowa a ƙasa da 40 zai wuce, kuma a busasshiyar ƙasar hunturu zai wuce har bayan rami ya shiga ciyawa. Mai lilo a hankali sau da yawa ƙarin kwanciyar fuska yake buƙata, kuma ana iya yin odar saitin da digiri ɗaya ko biyu a kwance fiye da na kanta. Wanda kuma ya kasa ɗaga ƙarfe mai lamba 4 ko 5 ya nemi a gwada masa haibirid, sanda mai faɗin kai da ta fi sauƙin ɗaga ƙwallo, a madadinsu, babu abin kunya a ciki.

Ƙota

Haruffan da ke jikin ƙota suna nuna taurinta: L, A, R, S, X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Jagorar da aka saba bi a gudun direba ita ce R ga mai mil 84 zuwa 96, S ga mai 97 zuwa 104, X daga 105 zuwa sama, A kuma ga wanda bai kai 84 ba. Amma kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya. S ɗin wannan na iya zama R ɗin wancan. Mutane da yawa girman kai ke sa su dage a kan S alhali ƙwallonsu na tafiya ƙasa-ƙasa yana karkata dama.

Nauyin ƙota ya fi harafin tasiri ga yawancin mutane. Ƙotar ƙarfe tana kamawa daga kusan giram 95 zuwa 130, ta girafait daga kusan 50 zuwa 85. Mai sauƙi tana ƙara gudu, mai nauyi tana daidaita lilo ga mai gaggawa. Mai ciwon gwiwar hannu, da duk wanda ke yawan bugu a ƙasa mai tauri, girafait ta fi rage masa girgizar da ke hawa hannu. Duk ƙotar da aka ɗaura maka, ka tambaya: tana cikin kuɗin sandar, ko ƙari ake biya? Akwai ƙotar da kuɗinta kaɗai ke gogayya da na kan sandar. Idan ba ta rage warwatsuwa a fili ba, ka koma kan wadda ba a biyan ƙari.

Tsawo ma abin gwadawa ne. Direbobin kanta a yau sukan kai inci 45 da rabi ko fiye, doka kuma ta yarda har 48. Tsawon yana ƙara gudu kaɗan amma yana wahalar da samun tsakiya. Ka nemi a manna takardar gwaji ko a fesa hoda a fuskar sandar, ka buga biyar da ta kanta, biyar da wadda aka rage wa rabin inci ko inci ɗaya, ka kwatanta tabban. Idan za a rage tsawon, ka sani cewa cire rabin inci yana sa kan ya ji sauƙi a hannu da kusan maki uku na ma'aunin nauyin lilo, don haka a mayar da nauyin tun a wurin haɗawa.

Yadda sandar ke zama a ƙasa

Kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa a lamba 7 takan kasance digiri 62 zuwa 63. Ga mai bugu da dama, idan sandar ta miƙe masa da yawa dunduniyarta ce ke fara cin ƙasa, bakin ya ɗaga, ƙwallo ya tafi hagu. Idan ta kwanta da yawa bakin ne ke ci, ƙwallo ya tafi dama. Illar tana ƙaruwa a gajerun sanduna, shi ya sa mutum zai yi bugu mai kyau da wej ya ga ƙwallo ya kauce wa girin ya rasa dalili. Wasu masu awo suna manna tef a gindin sanda su sa ka buga a kan faifan roba mai tauri. Wata hanyar, wadda kai ma za ka iya yi a gida, ita ce a ja layi da alƙalamin maka a jikin ƙwallo, a ajiye layin a tsaye yana fuskantar sanda. Idan tabon da ya fito a fuskar ya miƙe tsaye, zaman ya yi daidai. Idan ya karkata, sai a lanƙwasa. Kawunan da aka ƙera da dukan ƙarfe mai laushi suna lanƙwasuwa da sauƙi. Waɗanda aka zuba a mazubi galibi ba a wuce digiri biyu da su. A gyara wannan tun a odar.

Wej, inda tabarma ke yaudara

Tabarmar roba tana yafe laifi. Idan sanda ta bugi ƙasa kafin ƙwallo, a kan tabarma sai ta zame ta kai ga ƙwallon, allo ya nuna bugu mai kyau. A filin gaske wannan bugun rabin hanya zai faɗi. Saboda haka na'ura ba za ta iya zaɓa maka gindin wej ba, kai ne za ka bayyana irin ƙasarku. Tudun da ke gindin wej, wanda ke hana ta nutsewa, da digiri ake auna shi: 4 zuwa 6 ƙarami ne, 7 zuwa 10 matsakaici, sama da 10 babba. A ƙasa mai tauri babban tudu yana sa sandar ta yi tsalle ta yanki ƙwallo a ciki, ya tsallake girin a guje. A yashi mai laushi da jiƙaƙƙiyar ƙasar damina kuwa ƙaramin tudu ne ke nutsewa. Tunda ɗan Kaduna yana fuskantar duka biyun a shekara, hikimar ita ce a raba: wej na yashi mai digiri 54 zuwa 56 da tudun 10 zuwa 12, sai na 58 ko 60 da ƙaramin tudu don rani.

Ka fara lissafin daga wej ɗin da ya zo da saitin ƙarafa. Idan digirinsa 43 ne kuma na gaba 56, akwai ramin digiri 13 a tsakani, wato nisan da ba ka da sandarsa. Tazarar digiri 4 zuwa 6 ake so, wadda ke ba da yadi 10 zuwa 15. Doka ta tsaida sanduna 14 a jaka, don haka kowane ƙarin wej wata sanda ce za ta fita.

Mariƙi da fota

A ƙarshe ake zuwa kan mariƙi, lokacin kowa ya gaji, shi ya sa ake yi masa riƙon sakainar kashi. Idan ka kama sanda da hannun sama, yatsun tsakiya su ɗan taɓa tudun tafi kawai. In sun nutse cikinsa mariƙin ya yi siriri, in sun bar tazara ya yi kauri. Ana ƙara kauri da naɗin tef a ƙarƙashi, kowane naɗi kusan kashi ɗaya cikin 64 na inci. Ga zufar Maris da Afrilu, mariƙi mai zare a jikinsa ya fi roba zalla riƙo. Ka sayo 'yan ƙari ka ajiye a inuwa, domin zafi na busar da roba, musamman jakar da ke wuni a but ɗin mota.

Fota, sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, ba ta ɗaukar lokaci: tsawon inci 33 zuwa 35, wanda zai sa idanunka su kasance a kan ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan. Ƙasan shago santsi gare shi fiye da girin na gaske, kada ka yanke hukuncin nauyi da shi kaɗai.

Kafin ka ciro kati

Ka nemi takardar sakamako a rubuce ko ta imel: sunan kai, digirin fuska, sunan ƙota da nauyinta da harafinta, tsawo, kusurwar zama, irin mariƙi da yawan naɗin tef. Wannan takardar ita ce abin da ka biya kuɗin awo dominsa, kuma ba dole ba ne ka saya a ranar. Idan kamfani ɗaya kawai aka gwada maka, ka nemi na biyu da na uku. Idan sabuwar direba ba ta doke tsohuwar ba a warwatsuwa ko a nisan sauka, bar ta ka sa kuɗin a wej. Mai bugu da hagu ya kira tun da wuri ya ji ko suna da kawunan gwaji nasa.

Ka tabbatar da ranar isowar odar, da adireshin da za a kai, da wanda zai karɓa idan ka riga ka dawo. Sandar da aka haɗa wa mutum takan yi wuyar mayarwa, ka ji sharaɗin tukuna. A yawancin jihohin Amurka farashin kanta bai haɗa da haraji ba. Ingila ta daina mayar wa baƙi harajin kayan da suka saya suka ɗauka da hannu tun Janairun 2021, Afirka ta Kudu kuwa tana mayarwa a filin jirgi idan ka nuna rasit da kayan. Rasit ɗin ka adana shi har ka wuce kwastan a gida.

Wajen ɗauri, kwance kan direba da makullinsa ka naɗe shi a tawul cikin kaya, bayan ka ɗauki hoton saitin wuyansa. A wuyan nan ƙota ta fi karyewa a jirgi. Da ka iso, gwada tsawo da sunan ƙota da abin da takarda ta ce, ka mayar da kan ka ɗaure har makullin ya yi ƙas. Sai ka fita filin atisaye da alƙalamin maka, ka maimaita gwajin layin a kan ciyawa, ka sake rubuta nisan kowace sanda bayan zagaye uku ko huɗu. Idan da rani ka auna, ka sake aunawa bayan ruwa ya zauna.